Likita Ma Na Tsufa: Batun Fansho Da Tanadin Gobe

A idon jama'a, likita mutum ne da ya gama da talauci. Amma lissafin shekarun aikinsa yana nuna akasin haka. Bayan shekara 6 a jami'a, da shekara 1 ta aikin gwaji a asibiti, da shekara 1 ta bautar ƙasa, mai neman ƙwarewa sai ya ƙara wasu shekaru yana horo. Kafin albashinsa ya yi kauri, tsaransa 'yan kasuwa sun daɗe da kafa jari.

Dokar fansho ta 2004 ce ta kawo tsarin karo-karo a Nijeriya, ta kuma kafa hukumar PenCom domin sa ido. Dokar 2014 ta ɗaga gudummawar zuwa kashi 18 cikin 100: mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Kuɗin yana shiga asusun ma'aikaci na kansa, wanda ke bin sa ko ya sauya wurin aiki. Daga shekara 50 da haihuwa, wanda ya yi ritaya yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, saura kuma ya riƙa karɓa wata-wata, ko ya sayi fansho na tsawon rai daga kamfanin inshora.

Sai dai akwai wurare biyu da likitoci ke yin tuntuɓe. Na farko, abin da doka ta wajabta a lissafa shi ne aƙalla ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Ba lallai ne alawus na aikin dare ya shiga ba, alhali shi ne ke kumbura aljihu. Na biyu, hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, tana cinye darajar abin da aka tara.

Likita mai asibitin kansa ya fi shiga haɗari, domin ba wanda ke zuba masa kashi 10. Likitan haƙori kuwa jarinsa hannunsa ne da idonsa da bayansa. Ranar da suka gaza, kuɗin shiga ya tsaya. Kujerar aiki da injinan da ya sayo da dala kullum darajarsu raguwa take yi, masu zuwa kuma sunansa suke bi, ba ginin ba. Don irin waɗannan masu zaman kansu aka buɗe tsarin ƙaramin fansho a 2019.

Amfanin sammako a bayyane yake. A ƙaddara mutum yana ajiye Naira 600,000 a shekara, da ribar kashi 10 cikin 100. Cikin shekara 15 zai tara kimanin Naira miliyan 19; cikin shekara 30 kuwa zai haura miliyan 98. Ninka lokaci sau biyu ya ninka kuɗin sau biyar.

Saboda haka, ya kamata likitan gwamnati ya ƙara gudummawar ganin dama a kan ta dole. Mai asibiti kuma ya raba asusun asibiti da na gidansa, ya yanka wa kansa albashi, ya jawo matasan likitoci cikin hannun jari tun da wuri, domin asibitin ya zama kadarar da za a iya sayarwa ko a gada. Da sanyin safiya ake kama fara.