Ni da Jirgin Sama: 'Yan Mata, Zariya Fa Ba Nisa

'Yan'uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Kowa da irin abin da Allah Ya ɗora masa so. Wata littafin soyayya ne, in ta ɗauka ba barci sai ta ga yadda aka ƙare. Wata ɗinki, wata lalle da kitso. To ni tawa jarabar jirgin sama ce. Ko tuwo nake tuƙawa na ji ƙugin jirgi, sai na leƙa tsakar gida na ɗaga kai. Ƙawayena har tsiya suke mini, wai ranar aurena in jirgi ya wuce, amarya za ta yaye lulluɓi ta bar ango a tsaye. Ban musa musu ba.

Abin da ya sa na kawo zancen cikin wannan fili shi ne, na lura mu matan kudancin Kano mun ɗauki jirgin sama kamar wani abu na mutanen wata duniya. Iyakarmu mu ɗaga masa hannu muna yara, in mun girma mu yi fatan Allah Ya kira mu Makka mu shige shi sau ɗaya. Alhali kuwa jirgin nan tsohon baƙonmu ne, kuma makarantar da ake koyon tuƙa shi tana nan kusa da mu, ko kwanan hanya babu.

Kano ce ta fara ganin jirgi

Da yawa ba su san cewa jirgin sama na farko da ya sauka a Nijeriya, a Kano ya sauka ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin dawaki na Kano. Ku duba fa, a shekarar 1903 ne wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Orville da Wilbur Wright, suka fara tashi da jirgi mai inji, tashin da bai wuce daƙiƙa 12 ba. Shekara 22 kacal tsakani, sai ga abin a ƙofar gidanmu. A 2025 aka cika shekara 100 da wannan sauka.

Daga 1936 jiragen fasinja da wasiƙu suka fara zuwa Kano ta hanyar Khartum, shi ya sa filin jirginmu ya girmi duk wani filin jirgi a ƙasar nan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana kan yada zango a Kano su sha mai, sannan su wuce Maiduguri, su nufi Sudan da Masar. Bayan rasuwar Malam Aminu Kano a 1983 aka sa wa filin sunansa.

Iyayenmu kuwa ba za su manta da Nigeria Airways ba, mai fari da kore da tambarin giwa mai fukafukai, wanda aka kafa a 1958 ya durƙushe a 2003. Haka nan Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya yi tashe wajen jigilar alhazai. Daga baya aka sami Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ɗan Katsina, da Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina a Kano. Kun ga ke nan Bahaushe ya daɗe da mallakar jirgi. Abin tambaya, ina 'yarsa a cikin harkar?

Abin da na gani ta taga

Shigata jirgi ta farko daga Abuja ce zuwa Kano, tafiyar da ba ta cika awa guda ba. Na roƙi kujerar taga aka ba ni. Da jirgin ya fara gudu a kan titinsa sai na ji kamar an danna ni jikin kujera, can sai ƙarar tayoyi ta ɗauke, gidaje suka koma kamar akwatin ashana. Wata Hajiya da ke gefena ta damƙe mini hannu tana ta salati, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa.

Da muka fara gangarowa, sai na hango wani makeken ruwa yana walƙiya kamar an ajiye faranti a rana. Wallahi sai da gabana ya faɗi don murna, domin na gane shi: madatsar ruwan Tiga ce, tamu ta Bebeji, wadda aka gama a 1974. Ruwan da nake gani tun ina yarinya daga bakin gaɓa, ran nan na gan shi gaba ɗaya da rassansa, ga gonaki kore shar a kewaye. Na ce a raina, ashe duk jirgin da muke ɗaga wa hannu, su ma na ciki suna kallonmu.

Tun daga nan na shiga tambaya da karance-karance, kuma ga kaɗan daga abin da na tsinta. Jirgi ba da tsafi yake tashi ba. Injinsa na zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya haɗa ta da mai ya ƙona, ya feso ta baya da ƙarfi, sai jirgin ya yi gaba. Man nan kuwa ɗan'uwan kananzir ne, an dai tace shi sosai. Fukafukan an ƙera su ne yadda in iska tana bi ta kansu da gudu za su tura ta ƙasa, ita kuma ta ɗaga jirgin sama. Ki gwada fitar da tafin hannunki kaɗan ta tagar mota tana gudu, ki ɗan karkata shi, za ki ji iska na ɗaga shi. To shi ke nan asalin abin.

Manyan jirage kan yi tafiya a nisan kilomita 10 ko fiye daga ƙasa, suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Farin layin nan da kuke gani jirgi ya bari a baya, wanda muke cewa hayaƙi, yawancinsa tururin ruwa ne daga injin, yake daskarewa saboda tsananin sanyin can sama, sanyin da ya fi na cikin firiza nesa ba kusa ba. In kuma kunnenki ya toshe wajen sauka, nauyin iska ne ya canza. Ki haɗiyi yawu ko ki tauna cingam, zai buɗe. Hazon hunturu kuwa shi ke sa a jinkirta tashi ko sauka a Kano, don dole matuƙi ya ga titinsa.

Maganar tsoro

Na san wata za ta ce, “Yaya, ai abin nan in ya faɗo babu sauran magana.” Ba zan ɓoye muku ba, Kano ta ga baƙin ciki. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 4 ga Mayu 2002 wani jirgin ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, aka rasa na ciki da na ƙasa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Amma a harkar jirgi, duk haɗarin da ya auku sai an bi diddiginsa. Akwai na'urar da ke naɗar maganar matuƙa da duk motsin jirgi, wadda ake kira baƙin akwati alhali launin ruwan lemo gare ta don a yi saurin ganinta. Abin da aka gano, da shi ake gyara doka da horo a duniya baki ɗaya. Shi ya sa jirgin sama na cikin hanyoyin tafiya mafi aminci. Mu da muke bin hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, mu ratsa dajin Falgore mu kai Doguwa da Riruwai cikin motar haya an cusa mu kamar buhunan masara, mun san inda haɗari ya fi yawa. Ajali dai na Allah ne, a sama ko a ƙasa. Ku tuna kuma kakanninmu da ke tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, su yi watanni ko shekaru, wasu ba su dawo ba. Yau daga Kano zuwa Jidda awa biyar ce ko ƙasa da haka.

Ranar da jirage ke wasa

Masu son jirgi irina suna da nasu bikin, inda ake baje jirage a ƙasa a kuma yi wasa da su a sama. Na birnin Paris a Faransa ya faro tun 1909, ga kuma na Dubai da ake yi duk bayan shekara biyu. Waɗannan a waya nake kallonsu har kuɗin data ya ƙare. A gida kuwa, Rundunar Sojan Saman Nijeriya da aka kafa a 1964 kan yi bikin zagayowar shekararta, kuma a watan Mayu 2022 a Kano aka yi na cika shekara 58. Rundunar tana da makarantar koyon tuƙi a Kaduna da kuma Kano. In kika ga ƙananan jirage sun jeru a sama kamar zaren carbi, sun juya tare ba wanda ya taɓa wani, za ki san cewa lissafi da natsuwa ne ke aiki, ba ƙarfin damtse ba. Natsuwa kuwa, wa ya fi mace?

Mata sun riga sun shiga

A Zariya akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964. Daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, mota ɗaya ce za ta kai ki. A can ne Chinyere Kalu ta yi karatu, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ta sami lasisin tuƙa jirgin fasinja a 1981, kuma a 2011 aka naɗa ta shugabar kwalejin baki ɗaya. A Oktoba 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar sojan samanmu. Rana ɗaya da ita aka liƙa wa Tolulope Arotile, wadda ta tashi a Kaduna, lambar mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi. Ta rasu a 2020 tana da ƙuruciyarta. Waɗannan duk 'yan ƙasar nan ne, allo da alli irin namu suka yi karatu da su.

Kuma ba tuƙi kaɗai ake koya a Zariya ba. Akwai injiniyoyi masu duba lafiyar jirgi, waɗanda in ba su sa hannu ba jirgi ba ya tashi. Akwai masu zama a hasumiya suna ba matuƙa izinin tashi da sauka. Akwai ma'aikatan cikin jirgi, waɗanda aikinsu na gaskiya ceton rai ne in wani abu ya taso, rabon abinci ƙari ne. Wadda take ganin yawan tafiya ba zai yiwu da aure da raino ba, to aikin hasumiya da na injiniya a ƙasa ake yin su, ki tashi aiki ki koma gidanki.

Me ake nema? Sakamako mai kyau a jarrabawar gama sakandare, musamman lissafi da fiziks da Turanci, domin da Turanci matuƙi da hasumiya ke magana a duk duniya. Sai lafiyar ido da kunne da zuciya, don likita zai auna. Sai kuɗi, kuma gaskiya karatun tuƙi na cin miliyoyi, ya fi ƙarfin yawancin iyayenmu. Amma gwamnatoci kan ɗauki nauyi. A wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Ranar da irin wannan dama ta sake zuwa, takarda za a tambaya. Wadda ta gudu daga ajin kimiyya tun tana aji uku don ƙawaye sun ce lissafi na maza ne, ta rufe wa kanta ƙofa tun ba a buɗe ba.

Nan ne abin ke ci mini rai. Yarinya mai ƙwaƙwalwa kamar me, sai ka ji an cire ta ana saura shekara ɗaya ta gama, ko ita da kanta ta watsar saboda saurayi ya ce ba ya son 'yar boko. Aure alheri ne, ba mai ja. Amma ƙanwata, wanda ke sonki tsakani da Allah zai iya jiran ki rubuta jarrabawa. Ku kuma iyayenmu mata, ku tuna yadda ake jin daɗi in an je asibiti an tarar da likita mace. To haka Hajiyar ƙauye za ta ji ranar da ta shiga jirgin Makka jikinta na rawa, 'yar Hausa cikin shiga ta mutunci ta durƙusa ta ce, “Sannu Hajiya, kawo in ɗaura miki bel, kada ki ji komai.”

Saboda haka 'yan aji uku, in an zo zaɓen fanni, kada ku tsorata da kimiyya. Ku matsa wa malamin lissafi da tambaya har ku gane. Ku roƙi shugabar makarantarku ta nemi izini a kai ku ziyara filin jirgin Malam Aminu Kano ko kwalejin Zariya, domin gani ya kori ji. Wadda kuma take da tambaya kan wannan harka, ta rubuto ta hannun Edita, in Allah Ya yarda za mu amsa a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba ku ilimi mai amfani da mazaje nagari, Ya kai iyayenmu Makka lafiya Ya dawo da su lafiya, amin. Wassalam.