Sarkin Saiɓi: Abubuwa Goma Game da Dabbar da Ba Ta Gaggawa

Duk mai lambu a bakin dam ɗin Bulpiela a Tamale ya san tafiyar hawainiya: ta ɗaga ƙafa, ta yi lilo, sannan ta sauke. A dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, daga Honduras har Brazil, akwai dabba mai shayarwa da ta gina rayuwarta duka a kan irin wannan tafiya. Turawa na kiranta sloth mai yatsu uku, mu kuwa mu ce mata sarkin saiɓi. An daɗe ana yi masa kallon malalaci, alhali tattali yake yi, don ganye kaɗai yake ci, ganye kuwa ba ya ba da ƙarfi sosai.

1. Tafiyar yini. Nauyinsa bai wuce kilo 4 ko kusa da haka ba, kuma a matsakaici mita 40 yake yi a rana. A 2016 masana na Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka auna ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa, suka tarar ya fi na duk dabba mai shayarwa da aka taɓa aunawa ƙanƙanta, in aka cire masu dogon baccin hunturu.

2. Wuyan da ya fi na raƙumin dawa ƙashi. Mutum da saniya da raƙumin dawa duk ƙasusuwa 7 ne a wuyansu. Shi yana da 8 zuwa 10, yana kuma juya kansa digiri 270, ya duba bayansa ba tare da ya motsa jiki ba.

3. Tumbi mai ɗakuna. Kamar na dabbobi masu tuƙa, tumbinsa ya rarrabu, ƙwayoyin halitta na ciki su ke narka ganyen. Abinci kan yi makonni, wani lokaci har wata guda, kafin ya gama wucewa. Abin da ke cikin nan kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Idan gari ya yi sanyi sai ya hau ƙololuwar itace ya sha hantsi, domin ɗumin jiki shi ke taimaka wa narkewar.

4. Kayan ciki a ɗaure. Duk wanda ke rataye da kai a ƙasa, hanta da tumbi za su danne masa huhu. A 2014 Rebecca Cliffe da abokan aikinta na Jami'ar Swansea suka nuna cewa na sarkin saiɓi suna manne da haƙarƙari, saboda haka yana numfashi lafiya a rataye.

5. Bayan gida sau ɗaya a mako. Sai ya sauko gindin itace, ya tona ɗan rami da guntun wutsiyarsa, ya yi, ya rufe, ya koma sama. Wannan ce tafiya mafi haɗari a rayuwarsa, don a ƙasa damisar Amurka da karnuka ke samunsa. A sama kuwa babbar gaggafar dajin ce abar tsoronsa.

6. Gona a cikin gashi. Silin gashinsa yana da tsaga-tsaga masu riƙe ruwa, gansakuka na tsira a ciki har ya zama kore-kore, ya saje da ganye. Akwai kuma wasu ƙwari dangin malam-buɗe-littafi da ke zaune a gashin. Idan ya sauko, matansu sai su zuba ƙwai a kashinsa, tsutsotsi su girma a can, su yi fiffike su tashi neman wani sarkin saiɓin. Gashin ma daga ciki yake kwantawa zuwa baya, don ruwan sama ya zarce yayin da yake rataye.

7. Gwanin iyo, kuma ba sarkin bacci ba. A ƙasa jan ciki yake yi, amma a ruwa saurinsa ya ninka sau uku, har yana haye koguna. A 2008 aka auna baccinsa a tsibirin Barro Colorado na Panama, aka samu ƙasa da awa 10 a rana, alhali waɗanda ke tsare sukan kai kusan 16.

8. Makarantar uwa. Bayan ciki na kimanin wata 6 takan haifi ɗa ɗaya, ya manne a ƙirjinta watanni. Daga lasar ragowar ganye a leɓenta yake koyon itacen da ake ci.

9. Tsoffin dangi masu girman giwa. A ƙarshen ƙarni na 18 aka tono ƙasusuwan Megatherium a bakin kogin Luhan na Ajantina, masanin Faransa Georges Cuvier ya ba shi suna a 1796. Nauyin Megatherium ya kai tan 4. Ƙaramin dangin kuwa, wanda aka tantance a 2001, ba a samunsa ko'ina sai a tsibirin Escudo de Veraguas na Panama, kuma yana gab da ƙarewa.

10. Takwaransa na Ghana. A dazuzzukan kudancin ƙasar akwai potto, ɗan dabba mai yawon dare, nauyinsa kusan kilo ɗaya. Dangin birai ne, ba shi da alaƙa da sarkin saiɓi, amma dabararsu ɗaya: ba ya tsalle, sai ya kama reshe da kyau yake sakin wani. Ɗan kasuwar Holand Willem Bosman, wanda ya zauna a Elmina, ya bayyana shi a littafinsa na 1704, shi ma malalaci ya ɗauke shi.

Sannu ba ta hana zuwa, amma sai in hanya na nan. Hanyar waɗannan dabbobi ita ce rassan da suka haɗe da juna. Da zarar an sare daji, sarkin saiɓi sai ya bi wayar lantarki ko ya ratsa titi, wuta da motoci su hallaka shi. Kosta Rika ta mai da shi ɗaya daga alamomin ƙasarta a 2021, ana kuma ɗaura masa gadojin igiya tsakanin itatuwa. Mu ma a arewacin Ghana, kafin a kai gatari ga kaɗanya don gawayi, a tuna cewa akwai halittun da ba su da saurin gudu zuwa wani itacen.