Kafin ka tura kuɗin liyari, ɗora shi a sikeli

A shirinmu na wannan mako mun taɓo cinikin tsofaffin kuɗin ƙarfe da ake tallarsu a WhatsApp da Facebook, daga Nima da Maamobi har bakin iyakar Paga da Aflao. A turo maka hoto, a ce ka tura kuɗi ta MoMo, kaya na tafe a mota. To, wa ya taɓa sayen saniya bai duba haƙoranta ba?

Wanda aka fi yin jabunsa shi ne liyari, babbar azurfar nan mai kan sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda iyayenmu mata na Fulani ke ado da ita. Mai talla zai nuna maka 1780 a jikinsa, ya ce ya haura shekara ɗari biyu. Kada wannan ya ruɗe ka. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayanta 1780 ɗin aka ci gaba da sa masa, ko a Biyana, ko Landan, ko Rum, ko Bombay. Har gobe Ostiriya na buga shi. Saboda haka yawancin liyari darajarsa ta azurfar jikinsa ce, ba ta tsufa ba.

Ga yadda za ka gwada. Na farko, nauyi: liyari na gaske giram 28 ne da ɗan kaɗan, faɗinsa wajen milimita 40. Dalar Faransa ta azurfa, wato tsohon faran biyar, giram 25 ce. Kai shi wurin maƙerin zinariya ya ɗora a sikelinsa. In ya gaza da giram biyu ko uku, ka riƙe kuɗinka.

Na biyu, mayen ƙarfe. In kana Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, ba za ka rasa shi a jikin tsohuwar sifika ba. Azurfa ba ta mannewa. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa wanka. Amma fa rashin mannewa ba shaida ba ce ita kaɗai, don tagulla da dalma ma ba sa mannewa.

Na uku, ido da kunne. Gefen liyari na da rubutu mai tudu. Jabun da aka zuba a kwarami yakan fito da ƙananan ramuka kamar zanzana, da ɗan layi a gefe. Ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa: azurfa tana amo mai tsawo, dalma kuwa ƙararta a mace take.

Sai kwabo da ɗari da anini masu huda, na zamanin Turawan Ingila, masu rubutun Larabci. Waɗannan ba azurfa ba ne tun asali. Za a ce maka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ba a samunsa, tunda bai cika shekara a gadon sarauta ba. Gaskiyar magana, an buga shi da yawa don ƙasashenmu. Sule mai bishiyar kwakwa kuma, na 1913 zuwa 1919 ne azurfa mai kyau. Daga 1920 aka rage ta, aka koma tagulla.

In kai ne mai sayarwa, kada ka goge kuɗin gadonka da toka ko lemun tsami. Masu tarawa sun fi biyan wanda ba a taɓa ba. Ka kuma ji farashi a bakin mutum biyu ko uku tukuna.

In kuwa mai saye ne kai, ku haɗu da mai kaya a shagon maƙeri, ko ka wakilta ɗan'uwa a garin ya auna a gabansa. Wanda ya ƙi sikeli, ya ce sai ka fara biya, cinikin biri a sama yake so ku yi. Allah ya tsare mana dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka.