Ba Kowane Haƙori Mai Ciwo Ake Cirewa Ba

Yawancinmu, da zarar ciwon haƙori ya hana mu barci kwana biyu, ba abin da muke roƙon likita sai ya cire shi mu huta. To amma fa, 'yan'uwa masu karatu, haƙorin babban mutum in ya fita ya fita ke nan. Na kusa da giɓin sukan fara karkacewa, tauna kuma ta koma gefe guda. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu yi bayani a kan aikin da likitoci ke yi don ceton haƙorin da ya ruɓe har ciki, wato wanke saiwarsa a cike ta.

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan nama mai taushi, mai jijiyoyi da hanyoyin jini, wanda ya bi ta wasu siraran ramuka har ƙarshen saiwa. Idan ƙwayoyin cuta suka kai gare shi, sai zogi da kumburi, wani lokaci har da mugunya. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya huda haƙorin ta sama, ya kwashe ruɓaɓɓen naman. Wahalar ita ce, ramukan nan matsattsu ne, sukan lanƙwashe, ga duhu, kuma ido ba ya ganin inda suka ƙare.

A da, likita kan dogara ne ga hoton ƙashi da kuma abin da yatsunsa suka ji. In bai kai ƙarshen ramin ba cuta ta saura, in ya zarce ya ji wa naman da ke ƙarƙashi ciwo. A shekarar 1962 wani likita a Japan mai suna Sunada ya nuna yadda za a auna tsawon ramin da 'yar wutar lantarki. Na'urorin yau jikokin wannan dabara ne: ana rataya ɗan ƙugiya a leɓe, a maƙala waya a jikin tsinken aiki, da tsinken ya isa ƙarshen saiwa sai na'urar ta yi ƙara.

Su kansu tsinkayen kankare ramin sun sake. Na baƙin ƙarfe ba su cika son bin lanƙwasa ba. Daga 1988 aka soma yin su da haɗin nikel da titaniyam, ƙarfe mai tanƙwaruwa ya koma daidai, ɗan inji kuma ke juya su. Duk da haka sukan karye a ciki in sun gaji da aiki.

Sai kuma madubi mai ƙara girman abu har ninki ashirin. Haƙorin tauna na farko a sama yakan ɓoye rami na huɗu, wanda in aka tsallake shi ciwo kan dawo.

A ganinmu dai, abin da ya fi cancanta majiyyaci ya tambaya ba sabo ba ne, ba shi da tsada kuma. Wani ɗan ƙyallen roba ne da Sanford Barnum ya ƙirƙiro a Amurka tun 1864, ana keɓe haƙorin da shi don kada yawu ya shiga ramin, kada kuma ruwan wanki ko tsinke ya faɗa maƙogwaro. Ruwan wankin nan, in ba ku sani ba, sinadarinsa ɗaya da na bilicin wanke tufafi, sai dai an tsarma shi daidai awo. Kada wani ya gwada a gida!

Bayan wanki, ana cike ramin da wani irin danƙo da ake samu daga itace a yankin Malesiya, sannan a sa wa haƙorin tauna hula don kada ya tsage. Aikin kan ɗauki zuwa ɗaya ko biyu, kuɗinsa kuma ya fi na cirewa sosai. Haƙorin da saiwarsa ta riga ta tsage kuwa, wannan sai cirewa.