Kwamfutoci a ƙarƙashin teku: yadda ake tallar cibiyoyin adana bayanai

Cibiyar adana bayanai haja ce mai wuyar talla, domin ɗaki ne kawai cike da kwamfutoci da na'urorin sanyaya iska. Shi ya sa kamfanonin fasaha suka koma nuna ƙarfin kayansu a gaban idon jama'a, tunda gani ya kori ji.

A shekarar 2006, kamfanin Sun Microsystems ya harhaɗa cibiya sukutum cikin kwantena mai tsawon ƙafa 20, ya ɗora ta a kan babbar mota ana zagaya birane da ita. A 2007 kuma aka girgiza ta a ɗakin gwajin girgizar ƙasa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego.

Microsoft ya zarce haka. A 2018 ya nutsar da kwamfutoci 864 cikin teku kusa da tsibiran Orkney na Sikotilan. Da aka tsamo su a 2020, kamfanin ya ce adadin waɗanda suka lalace bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na takwarorinsu da ke kan tudu ba. Labarin ya karaɗe duniya, amma a 2024 kamfanin ya tabbatar da cewa ya jingine aikin.

Ga jami'in da ke tantance kwangila a Abuja, darasin a bayyane yake. Talla tana jan hankali, amma takardar yarjejeniya ce ke faɗin awa nawa aiki zai tsaya a shekara, wa zai biya diyya, kuma a wace ƙasa bayanan gwamnati za su kwana.