FASHIN BAƘI: Abin da ke sa agogon na'ura ya saɓa wa agogon rumfar zaɓe

Tun daga zaɓen 2023, hoton takardar sakamako ta EC8A ya zama makamin muhawara. Wakilin jam'iyya a rumfar da ke kusa da madatsar ruwan Watari, cikin Ƙaramar Hukumar Bagwai, yakan ɗauki hoton takardar da wayarsa, jami'in INEC kuma ya tura nasa zuwa shafin IReV ta na'urar BVAS. Da zarar lokutan da ke jikin hotunan sun saɓa, sai a fara kiran maguɗi. Mai yiwuwa ne an yi maguɗin, amma saɓanin lokaci shi kaɗai bai isa hujja ba.

Dalili na farko shi ne agogo. Najeriya da Nijar suna gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, kuma yawancin manyan kwamfutocin adana bayanai da UTC suke aiki. Hoton da aka tura daga Bagwai da ƙarfe 12:30 na dare, wayewar Lahadi 19 ga Maris 2023, a agogon UTC zai zama ƙarfe 11:30 na daren Asabar 18 ga wata. Awa ɗaya ta sauya rana sukutum. Bugu da ƙari, tsarin EXIF, wato bayanan da kyamara ke ɓoyewa cikin hoto, sai a 2016 aka tanadar masa gurbin nuna yankin agogo. Idan gurbin ya zo fanko, kowace manhaja za ta fassara lokacin yadda aka tsara ta.

Dalili na biyu shi ne jerin lamba. Bahaushe yakan ce ashirin da ɗaya, Balarabe kuwa da ɗayan yake farawa. Haka kwamfutoci suke: suna yanka lamba gida-gida, wasu su fara ajiye babban gida, wasu ƙarami. Na'urorin Intel da yawancin wayoyi da ƙaramin suke farawa, ƙa'idojin intanet kuwa da babban. Idan aka karanta 258 a juye, sai ta koma 513. Shi ya sa bayanan EXIF ke buɗewa da alamar II ko MM, don mai karantawa ya san ta inda zai fara. Irin wannan kuskure ba ya taɓa alƙaluman da aka rubuta da biro a takarda, amma yana iya jirkita bayanan ɓoye da ake kafa hujja da su.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi shaidar da kwamfuta ta samar, ciki har da takardar tabbatar da yadda aka samar da ita. Saboda haka, kafin a yaɗa hoto ko a kai shi kotun zaɓe, a tambaya: da wane agogo aka rubuta lokacin, wace manhaja ce ta karanta shi, kuma ina hoton asali? Wanda ya bi ta WhatsApp galibi ya riga ya rasa bayanansa na ɓoye.