Yadda Ake Zagayawa da Baƙo a Abuja

Mai kai baƙi yawon buɗe ido a Abuja yana da matsalar da takwaransa na Kano bai san ta ba. Na Kano in ya nuna ganuwa da marinar Ƙofar Mata, ya gama rabin aiki. Abuja kuwa sai a 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina ta, aka taso daga Legas a Disambar 1991. To, me za a nuna wa wanda ya zo neman tarihi?

Gogaggen jagora yakan raba yinin biyu. Da hantsi a yi tsakiyar birni: Masallacin Ƙasa mai ƙubba ruwan zinariya, Cocin Ƙasa, Dandalin Eagle, sannan a hango Dutsen Aso daga bayan ginin majalisa. A nan aikinsa sanin lokaci ne da sanin iyaka. Ya san kusa da fadar shugaban ƙasa ba a ɗaga waya don hoto, jami'an tsaro ba sa wasa. Ya san ranar Juma'a hanyoyin masallaci kan cushe tun kafin azahar. Tun daren jiya kuma ya gaya wa matan tawagar su riƙo mayafi.

Bayan azahar ake ficewa daga gari, don a can tsohon abu yake. A Ushafa, ta wajen Bwari, matan Gwari suna ginin tukwane da hannu, irin aikin da Bill Clinton ya je gani a 2000. Jagora mai wayo a nan yake zaro takardar naira 20, ya nuna hoton Ladi Kwali tana kan tukunyarta. Daga nan a kama hanyar Kaduna zuwa Dutsen Zuma, na jikin tsohuwar takardar naira 100, wanda mutane da yawa ba su lura cewa a Jihar Neja yake ba.

Yawancin masu yawon a gindin Zuma suke tsayawa, a yi hoto, a juyo. Wannan kuwa asara ce, domin gaba kaɗan Suleja take, kuma ita ce Abuja ta asali. Bayan jihadi ya fitar da Sarki Makau daga Zazzau, ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin wajen 1828. Da aka ba sabon birnin tarayya sunan, sai tsohon garin ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne kuma Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane da Ladi Kwali ta shiga a 1954.

Saboda haka kafin a yanke farashi, baƙo ya tambaya ko da Suleja a cikin lissafin. In babu, ya ƙara kuɗin mai, kuma a tashi da wuri, don cunkoson Zuba a hanyar dawowa da yamma yana iya cinye sauran yinin.